Hajiya ta faɗi sau ɗaya, yanzu ta ƙi barin gado: hutu ne maganin ko motsa jiki?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara a kan mahaifiyata mai shekara 78. Wata huɗu da suka wuce santsi ya kwashe ta a banɗaki da asuba, ta faɗi a kan gefenta na hagu, ta kuma yi kusan awa ɗaya a ƙasa tana kira kafin wani daga cikinmu ya ji ta. An ɗauki hoton ƙashi aka ce babu karaya, buguwa ce kawai. Kumburin ya daɗe da sacewa, amma Hajiyar da muka ɗaga daga ƙasa ranar nan ba ita ce wadda muka sani ba. A da ita ke gyara ɗakinta da kanta, yanzu kuwa ko ruwan sha sai an miƙa mata, idan kuma za ta zaga sai mutum biyu sun riƙe ta. Ga ciwon gwiwa da ta yi kusan shekara goma tana fama da shi, wanda take cewa ya ƙaru tun da ta daina tafiya. Likitan da ya duba ta ya ce a sa ta motsa jiki, yayyena kuma sun ce ba za a wahalar da tsohuwa ba. Ni ce ke kwana da ita, kuma ban san maganar wa zan bi ba.

Ɗan Fari:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni ina tare da yayyenki, kuma zan faɗi dalilina. Wanda ya doshi tamanin ya gama nasa aikin, abin da ya rage masa a wurin 'ya'yansa shi ne hidima da hutu. Tafiya ce ta kayar da ita, ta yaya za a ce tafiyar ce kuma magani? A wannan karo Allah ya tsare ba ta karye ba, amma idan aka matsa mata ta sake faɗuwa ƙashin ƙugu ya tafi, wa zai ɗauki alhakin? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban da haka ma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ban ga irin ƙarfin da za a gina a jikin da ya riga ya bushe ba.

Likitan Fisiyo:
Malam Ɗan Fari, tsoronka yana kan hanya, kuma ban raina shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa a duk shekara sakamakon faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su ne suka fi yawa a cikinsu. Daga cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya a cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Saboda haka ba ƙaramin abu muke tattaunawa ba. Inda na saɓa maka shi ne a kan abin da gado yake yi wa jikin tsoho, domin mu likitocin fisiyo, masu jinyar tsoka da gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, mun fi ganin ɓarnar kwanciya fiye da ɓarnar tafiya.

Tsoka abu ce da jiki ke riƙewa muddin ana amfani da ita, idan aka daina sai ya janye ta. Tun daga shekara talatin take raguwa sannu a hankali, bayan sittin kuma raguwar takan yi sauri. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu cikakkiyar lafiya a gado na kwana goma kacal, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Kwana goma ke nan, Hajiya kuwa ta yi wata huɗu. Abin da ke faruwa da ita zagaye ne da muka saba gani: ta faɗi, tsoro ya shige ta, ta rage motsi, cinyoyi suka yi rauni, idan ta miƙe sai ta ji ƙafafun suna rawa, wannan rawar kuma ta tabbatar mata da cewa tsoron nata gaskiya ne. Ranar da za ta tashi cikin dare babu kowa kusa, kuma wannan rana tana zuwa ga kowane tsoho, za ta tashi ne da ƙafafun da suka fi na ranar faɗuwar farko rauni.

Game da iccen da ya bushe kuwa, tsoka ba icce ba ce. A 1990 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, inda aka sa mutum goma masu kimanin shekara 90 suna ɗaga nauyi da ƙafa na tsawon mako takwas. Ƙarfin cinyoyin waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu.

Tsohon Malamin Makaranta:
'Yata, bari in ba ki labarin kaina, domin shekarata 74, kuma amosanin gaɓɓai ya kama gwiwoyina biyu tun kafin in yi ritaya. Na yi shekara uku ina bin irin shawarar Ɗan Fari, ba don wani ya ba ni ita ba sai don jikina ne ya ba ni. Duk abin da ya sa gwiwa ta yi zafi sai in bar shi. Na bar hawa matakala, na bar tsugunne, na bar doguwar tafiya, har duniyata ta koma tsakanin gado da kujera. Abin mamaki shi ne ciwon bai ragu ba, sai ma ya zama idan na tashi da safe gwiwar takan sandare kamar ƙofar da ta shekara a rufe.

Ranar da likitan fisiyo ta fara zuwa, na ɗauka za ta zo da na'ura. Sai ta jawo kujerar katako marar hannu, ta jingina ta da bango don kada ta zame, ta ce in zauna in tashi. Na ji haushi, domin na ga kamar wasan yara aka kawo mini. Na tashi sau huɗu, ina dafa gwiwoyina da hannu biyu, a na biyar cinyoyina suka ƙi. A nan na gane inda na kai kaina. Ta rubuta 4 a wata takarda ta manna a bangon. Bayan wata uku ina tashi sau goma sha biyu hannuwana a harɗe a ƙirji, takardar kuma tana nan a manne har yau, na hana a cire ta. Ban warke daga amosani ba, kada wani ya ce na faɗi haka. Gwiwar tana ciwo, amma ciwon da a da yake hana ni barci yanzu ya koma wanda nake iya mantawa da shi idan hira ta yi daɗi.

Ɗan Fari:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma da labarin mutum ɗaya da gwajin mutum goma, Likita, duk ba su isa a ɗora rayuwar tsohuwa a kansu ba. Wanda motsa jikin ya karɓe shi yana nan yana ba da labari, wanda ya faɗi ya karye a wurin motsa jikin kuma ba ya cikin wannan zaure.

Likitan Fisiyo:
Wannan magana ce mai kyau, kuma na yarda cewa mutum goma ba hujja ba ce a kan faɗuwa, na kawo su ne kawai don nuna cewa tsokar tsoho tana amsa horo. Hujjar da ta shafi faɗuwa ta fi haka girma. A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su wuri ɗaya, ta haɗa gwaji 108 daga ƙasashe 25, masu ɗauke da mutum sama da 23,000. An samu cewa motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 23 cikin ɗari, idan kuma aka haɗa horon daidaita tsayuwa da na ƙarfafa tsoka raguwar takan kai kimanin kashi 34. Tai chi, wato motsin nan na sannu a hankali da ya samo asali daga ƙasar Sin, ya rage da kimanin kashi 19.

Ka lura ban ce yana hana faɗuwa gaba ɗaya ba. Mai motsa jiki ma yana faɗuwa, sai dai ba kamar wanda ba ya yi ba. Akwai kuma wani abu da zai ba ka gaskiya ta wani ɓangare: tafiya kawai, ba tare da horon daidaita tsayuwa ba, ba a tabbatar da cewa tana rage faɗuwa ba, kuma ga wanda ƙafafunsa ke rawa tafiya da sauri tana iya jawo abin da ake gudu. Saboda haka idan yayyen 'Yar Auta sun fahimci maganar likita a matsayin a fitar da Hajiya a riƙa zagayawa da ita, suna da dalilin ƙi. Ba daga nan ake farawa ba.

Mai Jinyar Mahaifi:
Ina so in ja hankali kan wani gefe da ba a taɓo ba. Mahaifina ya faɗi sau uku a cikin wata biyu, muka ɗauka raunin ƙafa ne, muka ɗauko wani mai koyar da motsa jiki wanda bai taɓa aiki da tsofaffi ba. Ya sa shi tsugunne da tashi har Baba ya kwana biyu bai iya taka ƙafa ba, daga nan kuma ya rantse ba zai sake ba. Daga baya ne aka gano cewa jiri ne ke kayar da shi, saboda an ƙara masa maganin hawan jini, ga kuma maganin barci da yake sha ba da saninmu ba. Da aka gyara magungunan faɗuwar ta tsaya, amma har yau idan aka ambaci motsa jiki sai ya juya fuska. Mun yi asarar yardarsa a rana ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Abin da ya sami mahaifinka ya zama ruwan dare, ɗan'uwa. 'Yar Auta, kin ce da asuba Hajiya ta faɗi, wannan kuma ya sa nake so a binciki abubuwa kaɗan kafin a fara komai. A tattara duk magungunan da take sha a jaka ɗaya, har da waɗanda ba likita ya rubuta ba, a kai wa likitanta ya duba, domin magungunan barci da wasu na hawan jini da masu sa yawan fitsari suna cikin manyan abubuwan da ke kayar da tsofaffi. A auna hawan jininta tana kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe tsaye, saboda akwai waɗanda jininsu kan sauka da zarar sun tashi, idanu su yi duhu. A duba idanunta ko akwai yana, idan kuma tana da ciwon suga a duba ko tafin ƙafarta yana jin taɓi. Fitila a hanyar banɗaki da abin riƙewa a jikin bango da takalmi mai kama dunduniya ba su da wahalar samarwa.

Sai maganar ciwon gwiwar. Da yawa daga cikin tsofaffi suna shan irin su diclofenac da ibuprofen kullum shekara da shekaru, alhali waɗannan magunguna suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda, musamman ga mai yawan shekaru. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake sanya motsa jiki a sahun farko wajen kula da amosanin gwiwa.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, gaskiya tana shan maganin barci tun bayan rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba. Likita, tambayata ita ce, idan ta motsa ta ce gwiwa tana ciwo, ta yaya zan san ciwon da za a daure da wanda za a tsaya? Ba na so in zama ni ce na ƙarasa lalata mata gwiwa.

Likitan Fisiyo:
Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ƙanwata. Ciwon da ya wuce wata uku, wanda muke kira ciwo mai ɗorewa, ba ya aiki kamar ciwon sabon rauni. Idan kika taka ƙaya, zafin yana gaya miki gaskiya cewa akwai ɓarna a wurin. Amma gwiwar da ta shekara goma tana ciwo, jijiyoyin da ke kai saƙo sun zama masu saurin kuka, ƙaramin motsi ma sai su yi ƙara, kuma rashin barci da damuwa da tsoro suna ƙara musu kaifi. Shi ya sa za ki ga hoton gwiwar wani ya nuna zaizaya mai yawa amma yana tafiyarsa, wani kuma hotonsa da sauƙi amma ba ya iya taka ƙasa. Sannan guringuntsin da ke cikin gaɓa ba shi da hanyoyin jini, daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samun abin da ke raya shi, motsi ne kuma ke tura wannan ruwa ciki da waje kamar yadda ake matsa soso. Gaɓar da ba ta motsi yunwa take ji.

Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne. Ki ce ta kimanta ciwon daga sifili zuwa goma. Idan lokacin motsa jikin bai wuce biyar ba, kuma zuwa washegari ya koma yadda yake a da, an yi daidai. Idan ya wuce haka, ko ya kwana ya wuni bai sauka ba, an yi yawa, sai a rage adadin amma kada a daina. Abubuwan da ake tsayawa nan take a nemi likita su ne ciwon ƙirji, ɗaukewar numfashi, jiri mai tsanani, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi kwatsam, ko sabon ciwo mai kaifi a ƙugu ko a baya.

Tsarin da na fi ba da shawara ga masu irin shekarunta shi ne na Otago, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan musamman don a yi shi a gida, kuma a gwaje-gwajensa ya rage faɗuwa da kimanin kashi 35 cikin ɗari, waɗanda suka kai tamanin ne ma suka fi amfana. Minti talatin ne, sau uku a mako. Akwai tashi daga kujera, miƙe gwiwa ana zaune, ɗaga dunduniya ana riƙe da teburi mai nauyi, tafiya gefe da gefe, da tsayuwa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya. Ga Hajiya ba za a fara da minti talatin ba, biyar ma ya isa, kuma ya kamata likitan fisiyo ya gan ta ido da ido ya zaɓa mata matakin farko. Kafin a fara, ki auna ta: ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita uku, ta juyo ta zauna, ke kuma kina riƙe da agogo, wani yana tafe a gefenta. Wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye ana ɗaukarsa yana cikin haɗarin faɗuwa. Ki rubuta abin da kika samu.

Tsohon Malamin Makaranta:
Likita ya gama bayanin ƙafa, ni kuma ina so in koma kan awa ɗayan nan da Hajiya ta yi a ƙasa tana kira. 'Yata, ina zaton ba faɗuwar ce take tsoro ba, kwanciyar nan ce a kan siminti mai sanyi babu mai ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Abin da ya cire mini nawa tsoron shi ne ranar da aka koya mini tashi daga ƙasa: in mirgina gefe, in dafa hannuwa in hau gwiwoyi, in rarrafa zuwa kujera, in ɗora hannuwa a kanta, in kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, in juya in zauna. Tun da na san cewa ƙasa ba kurkuku ba ce, tafiyata ma ta canza, na daina kallon yatsun ƙafata.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, na yarda da amfaninsa, amma ina roƙon kada 'Yar Auta ta gwada wannan ita kaɗai. Mai ciwon gwiwa da ta yi wata huɗu a kwance, idan aka saukar da ita ƙasa ta kasa tashi, an maimaita mata ranar da take gudu. Masana sukan koyar da shi ne daga ƙarshe zuwa farko, a fara da durƙusa gwiwa ɗaya a kan matashi ana riƙe da kujera, sai an ƙware a wannan a ƙara sauka. Kafin nan a sama mata ƙararrawa ko waya da za ta kasance a jikinta ko da yaushe, har cikin banɗaki.

Ɗan Fari:
Na karanta duka, kuma na janye maganar iccen da ya bushe. Amma akwai abin da har yanzu ban ji an faɗa ba. Kowa yana tsara abin da za a yi wa Hajiya, babu wanda ya ce a tambaye ta abin da take so. Uwa ce, ba yarinya ba ce da za a tsaya a kanta da agogo ana ƙirga mata. Idan ta ce ba ta so, ƙanwata, ina ganin ba ki da ikon tilasta mata, ko da alƙaluman duniya duka suna bayanki.

Likitan Fisiyo:
A nan ba ni da ja, Malam. Wanda aka tilasta wa ma ba ya ɗorewa, amfanin horon kuma yana zubewa idan aka daina. Ni ba na ce wa tsoho zo mu motsa jiki, nakan tambaye shi abin da ya fi kewa a cikin abubuwan da ya daina yi, daga amsarsa muke farawa.

'Yar Auta:
Assalamu alaikum, na dawo bayan mako uku. Yaya Ɗan Fari, shawararka na fara bi. Na tambaye ta abin da ta fi kewa, ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ce ita dai tana so ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ba tare da wani yana tsaye a kanta ba. Likitanta yana rage mata maganin barcin a hankali, ya ce ba a yanke shi lokaci ɗaya. Likitan fisiyo ya zo sau biyu. A awon farko ta yi daƙiƙa 31, jiya ta yi 26. Tashi daga kujera ya tashi daga uku zuwa shida, tana dafawa da hannu ɗaya. Maganar sauka ƙasa kuwa ta ce kada a sake tayar mata da ita, mun kuma bar ta. Babban yayanmu har yanzu bai gamsu ba, amma shi ne ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗakin. Tambaya ɗaya ta rage: gwiwar dama takan ɗan kumbura da yamma a ranakun da ta yi horon, da safe kuma ta sace. Mu ci gaba ko mu dakata?

Likitan Fisiyo:
Tunda yana sacewa kafin safiya, kuma idan babu zafi ko ja a wurin, ku ci gaba, amma ku tsaya a kan shida na mako guda kada ku ƙara, ku kuma bar kwana ɗaya tsakanin horo da horo. Ki ɗora matashi mai tauri a kan kujerar don ta ɗan ƙara tsawo, hakan zai rage wa gwiwar nauyi lokacin tashi. Ki nuna wa likitan fisiyon kumburin a zuwansa na gaba, idan kuma ya kwana bai sace ba ki kira shi tun kafin ranar.